Sawun Tremaine a Jar Ƙasar Mista Lem

Kafin motar farko ta sauke ɗalibai a ƙofar makarantar Tallow Creek, Mista Lemuel Gaither ya riga ya zagaye fili sau ɗaya. Yakan ajiye tsohuwar a-kori-kurarsa a bayan ɗakin girki, ya ɗauko manjagara da bokiti, ya ɗora kofinsa a kan ginshiƙin shinge, inda zai huce ba a sha ba. Mu masu aikin girki muna hangensa ta taga. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan zagaye. Juma'ar da ta wuce ya yi na ƙarshe.

Makarantarmu fili ɗaya gare ta, wasa biyu. Daga Agusta zuwa Nuwamba na 'yan zari-ruga ne, wato ƙwallon Amurka, masu hular kwano, waɗanda duk garin ke rufe shago don ya je ya ga sun yi karo. Daga Janairu kuma na 'yan besbol ne, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ya buge ta da sanda. Don haka sau biyu a shekara Mista Lem ke sauya wa filin kama. A Agusta ya baje ɗan tudun da mai jifa ke tsayawa a kai, ya shimfiɗa ciyawa. Bayan Kirsimeti ya ɗebo jar ƙasa daga bakin rafi, ya sake gina tudun, yana yayyafa ruwa yana daɓewa, har sai ya yi tauri kamar daɓen ɗaki.

Duk yaron da ya yi jifa a tudun nan yakan bar rami biyu: inda ƙafar baya ta dogara, da inda ta gaba ta sauka. Mista Lem ke cike su kowace safiya. Tun yana cikewa kawai, har ya fara dubawa kafin ya cike. Bai yi karatu mai nisa ba, amma ya san sawun kowane yaro kamar yadda uwa ta san tarin ɗanta. Koci Hadley yakan leƙo ya ce, "Lem, me jaridarka ta ce yau?"

"Ta ce ɗan gidan Fasto bai yi barci ba jiya. Kai kuma ta ce ka rage cin soyayyar tarwaɗa, kana lotsa mini ƙasa."

Kai ne makarancin ƙasa, Mista Lem. Mun daɗe muna ɗaukar abin wasa, muna dariya muna wucewa.

Akwai abin da ba ya son a tuna masa, amma jinjinar da ta tsallake shi ba ta cika ba. Kusan shekara talatin da suka wuce an yi wani yaro, Orlandus Pugh, gwani a wasannin biyu. Wata safiya Mista Lem ya ga ramin ƙafarsa ta gaba ya matso baya da kamar taƙi guda, kuma ya karkace. Ya tare shi ya tambaye shi. Orlandus ya ce gwiwa ce, tun wasan ƙarshe na Nuwamba, ya kuma roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, don saura mako biyu ya sa hannu a takardar jami'a. Mista Lem ya ji tausayinsa, ya ja manjagara ya shafe sawun. Orlandus ya tafi jami'a. A wasansa na uku aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Yau yana gadi a wata ma'aikatar katako, da sanda yake tafiya. Bai taɓa zargin Mista Lem ba. Mista Lem ne bai yafe wa kansa ba.

Sai kuma, shekara bakwai da suka wuce, Allah ya kawo Tremaine Coker.

Wanda bai ga Tremaine yana ɗan shekara goma sha takwas ba, da wuya a iya yi masa bayani. A zari-ruga shi ne mai raba ƙwallo, babbar jami'ar jihar tana zawarcinsa, karatu da abinci da ɗaki duk kyauta. A besbol kuwa, in zai yi jifa, sai ka ga baƙi sun jeru bayan shinge da na'urar auna gudun ƙwallo, wakilan manyan ƙungiyoyi ne, suna cewa in ya haƙura da jami'a za su ɗauke shi da bazara su biya shi. Ɗaya zai zaɓa. Garin ya rabu biyu, amma ba rabon adalci ba, don a nan kudancin Alabama zari-ruga kusan ibada ce.

A shagon aski ba a wata hira sai wannan.

"Besbol? Ya je ya yi shekara biyar yana kwana a bas yana cin burodi da man gyaɗa?"

"Ya fi ya je ƙato mai nauyin firji ya zauna masa a wuya."

"Kai rufe mana baki, Purvis. Kai da ko gudun kare ba ka taɓa yi ba sai da ka faɗi."

Al'adarmu ce, ranar Laraba ta farko a watan Fabrairu, a kafa tebur a zauren wasanni, a jera hulunan masu zawarcin yaro a kai, yaron ya zauna tsakanin iyayensa, duk makaranta na kallo. Hular da ya ɗauka ya sa, ita ce zaɓinsa. Mista Lem ke ɗauko teburin, shi ke shimfiɗa masa ƙyalle. A shekarar nan tun saura kwana goma matan majami'a suka ba da aikin kek mai launin jami'a. Ba wanda ya tambayi Tremaine. An riga an zaɓa masa.

Ranar Litinin da safe Mista Lem ya tsuguna a gaban tudu, ya daɗe bai tashi ba. Ramin ƙafar hagu ya matso baya. Ya karkace waje. Ya sa tafin hannunsa ya auna, ya sake aunawa. Talata ma haka. Laraba da la'asar ya jira har sauran yara suka watse.

"Tremaine, zo ka taya ni jan tampol."

Yaron ya zo yana murmushi. "Mista Lem, tsufa ne ya kama ka?"

"Ya kama ni. Kai me ya kama gwiwarka ta hagu?"

Murmushin ya ɗauke. "Lafiyata ƙalau."

"Ɗana, ni za ka iya yi wa ƙarya. Ita fa?" Ya nuna ƙasa da haɓa.

Tremaine ya waiga, ya ga ba kowa, sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce tun Nuwamba ne, wani ya faɗo masa ta gefe. In ya taka da ƙarfi sai ya ji kamar gwiwar za ta zame. "Mako ɗaya ya rage, Mista Lem. In na sa hannu, likitocinsu za su gyara ni. In maganar ta fita yanzu, duka biyun za su gudu. Mama shekara goma sha tara tana tsaye a masana'antar kaji. Don Allah. Ka shafe kawai."

Manjagarar tana hannunsa. Ya san nauyinta, ya san ja biyu ya isa. Ya kuma san yaron ba shirme yake faɗa ba, zai iya rasa duka biyun, kuma shi ne zai zama sanadi.

"Na ba ka zuwa gobe ka gaya wa mahaifiyarka," ya ce. "In ba ka faɗa ba, jibi ni zan faɗa."

"Ina ruwanka? Kai fa mai yankan ciyawa ne!"

"Haka ne," in ji Mista Lem. Ya ja tampol ya rufe tudun yadda yake, da ramin da komai.

Ranar Juma'a da rana ya sa rigarsa ta zuwa majami'a, ya je gidan Miz Verlene Coker, mahaifiyar Tremaine. Ta dawo daga aiki ke nan, tana zaune a baranda ta tsoma ƙafafu a ruwan ɗumi.

"Ɗan'uwa Lem! Wa ya mutu ka sa wannan rigar?"

"Ba wanda ya mutu, 'yar'uwa Verlene."

"To zauna. Akwai shayi mai ƙanƙara."

Bai zauna ba. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya faɗi abin da ya gani. Ta saurara har ya gama.

"Likita ne ya gaya maka?"

"A'a."

"Koci?"

"A'a. Sawunsa na gani."

"Sawu." Ta fitar da ƙafafunta daga ruwan. "Saura kwana biyar ɗana ya zama na farko a zuri'armu da zai taka jami'a, ka zo mini da sawu?"

"Ki kai shi a duba. In na yi kuskure, ki tsaya a gaban majami'a ranar Lahadi ki kira ni tsohon banza, zan ce amin."

Ta kai shi. Jijiyar gwiwar ta yage fiye da rabi. Likita ya ce in aka yi aiki zai iya komawa jifa bayan shekara guda, amma karo irin na zari-ruga, shi dai ba zai ba ɗansa shawara ba. Jami'a ta ce har yanzu yana iya zuwa ya gwada sa'arsa, sai dai maganar karatu kyauta a dakata tukuna. Baƙin bayan shinge suka ragu, daga goma sha biyu suka koma ɗaya. Ranar Laraba ba a kafa tebur ba. Kek ɗin nan a ɗakin girkinmu ya ƙare, muka yanka wa yara da abincin rana.

Tremaine ya zauna da mahaifiyarsa, su biyu, ba hula ba kyamara, ya zaɓi besbol. Bayan ya warke, mutum ɗayan nan da ya rage ya ɗauke shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya yi shekara huɗu a ƙananan ƙungiyoyi, yana kwana a bas kamar yadda aka yi masa baki a shagon aski. Bai kai babban mataki ba. Suka sallame shi, ya dawo gida. Yanzu yana aiki da kamfanin lantarki, yana hawa turakun wayar wuta.

A nan ne kunyarmu take. Mun juya wa Mista Lem baya. A shagon aski in ya shigo sai hira ta mutu. A majami'a bencin da yake zama ya yi faɗi. Wani ya rubuta masa "munafuki" da fenti a ƙofar rumbun kayan aikinsa, shi da kansa ya goge, bai kai ƙara ba. Duk Asabar da jami'a ta sha kashi sai ka ji an ce, "Da Lem ya kama bakinsa, da yaronmu ne a talabijin." Har kofin da muke miƙa masa ta taga ya zama sai ya tambaya. Bai taɓa kare kansa ba, kuma bai makara ko sau ɗaya ba. Da bazarar nan ma sai da ya gaya wa iyayen wasu yara biyu abin da ba su so ji ba.

Kai ne ka zaɓi a ƙi ka, yaro ya tsaya da ƙafafunsa. Kai ne aka ce wa mai yankan ciyawa, ka ce haka ne, ka kuma yi abin da masu digiri suka kau da kai a kansa. Mai gyaran fili, mai ɗacin gaskiya.

Walimar sallamarsa daga aiki ba ta tara mutane ba. Kujeru sittin aka jera, ba a cika ashirin ba. Da shugaban makaranta ya ce ko akwai mai magana, da yawa daga cikinmu muka sunkuyar da kai, har da mai wannan rubutu. Tremaine bai shigo ba. Sai da aka watse, Mista Lem yana loda kayansa a mota, muka ga motar kamfanin lantarki ta tsaya a bakin shinge. Tremaine ya sauko, 'yarsa 'yar shekara uku tana zaune a wuyansa tana riƙe da kunnuwansa. Shekara bakwai ba su yi magana ba.

"Mista Lem."

"Tremaine. Wannan 'yar sarauniyar taka ce?"

"Tawa ce." Ya gyara mata zama. "Kullum in na hau turke ina tunani. Da ka yi shiru, da yanzu ina ina?"

"Ban sani ba, ɗana. Wataƙila a talabijin. Wataƙila a kujera. Ƙasa ba ta faɗin gobe, jiya kawai take faɗi."

"Ban gama yafe maka ba."

"Ban ce ka yi sauri ba."

Yarinyar ta buga masa dunduniya a ƙirji, ta ce, "Baba, gudu!" Tremaine ya dubi tsohon. Ya riƙe ƙafafun 'yar, ya juya, ya zuba a guje a kan ciyawar, daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, tana ƙyalƙyala dariya. Mista Lem ya tsaya da akwati a hannu, yana kallon ƙafafun nan biyu suna sauka daidai, har suka kai ƙarshe.

Mun gode, Mista Lem. Mun makara, amma mun gode. Ka yafe mana gaisuwar da muka hana ka. Ku kuma da kuke aiki kusa da 'ya'yan mutane, direba ne kai ko mai shara ko mai dafa abinci, watarana za ka ga abin da manya ba su gani ba, yaro kuma zai roƙe ka ka yi shiru. Ranar nan ka sa rigarka mai kyau, ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar mahaifiyarsa.