Ta Riga Ni Isa

Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai, amma ni shekarar ba ta yi mini daɗi ba. Maigidana ya rasu da bazara, ga autata, wadda ita kaɗai ta rage mini a gida, ta samu aikin jinya a Jidda.

Da na ji sunan garin sai na tuna kakana, wanda aka ce ya yi shekaru a hanyar Makka. Don haka na zauna na haɗa mata guzuri na sosai: dakuwa, ƙuli-ƙuli, soyayyen nama, garin kunu, har da yajin daddawa. Ta tsaya tana kallona tana dariya.

"Inna, a jirgi fa zan tafi, ba a raƙumi ba. Daga Kano awa biyar ma bai cika ba."

Na ce, "Auta, ke dai ki riƙe. Hanya ba ta da tabbas."

Ban yarda da ita ba. Na ɗauka tana kwantar mini da hankali ne.

A filin jirgi aka ɗora kayanta a sikeli, aka ce sun yi nauyi. Ta ciro ƙullin guzurin ta miƙo mini, kanta a sunkuye. Ta shige da hantsi, ni kuma na nufi tasha.

Motarmu ba ta cika ba sai bayan azahar. Muna tafe kuma ta lalace, muka zauna bakin titi direba yana ta kwance-kwance. Ana kiran magariba, ba mu ma kai Gagarawa ba, wayata ta yi ƙara.

"Inna, na sauka lafiya. Kin isa gida?"

Na ce ban isa ba. Wata mata da ke kusa da ni ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ta ƙetare teku, mu ko gida mun kasa kaiwa."

Sai na ji wani sanyi a raina. Na ce wa Auta, "Ashe kusa ne. To ki riƙa leƙowa mana, ko da Sallah."

Sai ta ce, "Inna, sai na shekara biyu za su ba ni hutu."

Na ce to, Allah ya kai mu. Ƙullin yana kan cinyata, mai ya fara ɓullowa ta jikin zanen. Na kwance shi na raba wa fasinjoji, kowa ya ci ya yi mata addu'a.

Na tarar da gidan kamar yadda muka bar shi, takalmanta na wanka a bakin rijiya.

Washegari da na idar da sallah na ɗauki mayafi, na tafi gidan malamarmu ta yaƙi da jahilci. Na miƙa mata wayar, na ce ta nuna mini inda ake dannawa a aika murya.