Giris Mai Yauƙi

Injin niƙan da ke bakin lungunmu a Ƙofar Wambai mahaifinmu ne ya kafa shi, ƙanena ya gada. Da shi yake ci da iyalinsa, ba shi da wata sana'a. Ni tun ina saurayi na bar gida, na yi aikin injinan ɗaga kaya a tashoshin jiragen ruwa, daga Kwatano har Bur Sudan da Jidda. Da na dawo da furfurata, tun daga zaure na ji boris ɗin injin, wato zoben da sandarsa ke juyawa a ciki, yana kuka irin na ƙarfen da ke cin ɗan'uwansa.

Na ce, "Malam, wane giris kake sa masa?"

Ya ɗauko gwangwanin madara, ya lakato, ya matse tsakanin yatsu biyu, ya buɗe. Zare ya miƙe.

"Dubi yauƙi, Yaya. Ko kuɓewa albarka."

Haka ake gwada giris a wajenmu tun zamanin mahaifinmu, lokacin da ba a yi masa algus. Masu sayarwa sun gane abin da yatsa ke nema. Sai su kankare gindin durom-durom, su gauraya, su tsinka da baƙin mai, su zuba abin da zai sa danƙo.

Wani injiniya a Bur Sudan ya taɓa nuna mini hoton giris da aka ƙara wa girma ƙwarai. Larabawa kitse suke ce masa, masu Faransanci ma haka, amma abin da na gani ya fi kama da soso. Sabulu ne mai ƙananan zarurruka da suka sarƙe, mai yana zaune a ramukansu. Shi ya sa giris ke tsayawa inda aka shafa shi, ba ya motsi sai an matsa masa. In boris ya juya sai ya saki jiki, ya riƙa ba da mai kaɗan kaɗan, in an kashe inji ya sake kama jikinsa. Amma in aka haɗa iri biyu da sabulunsu bai zo ɗaya ba, saƙar warwarewa take yi. Da zafi ya taso man zai tsiyaye, a bar ƙarfe da busasshiyar laka.

Na yi wa ƙanena wannan bayani. Ya saurara har ƙarshe, don yana da ladabi.

"To na ji karatu, Yaya. Ina ake sayar da na kirkin?"

Muka shiga kasuwa tare. Wani mai shago ya miƙo mana na rufaffen gwangwani, yana cewa, "Alhaji, wannan daga jirgi sai hannunka." Na saya. A gida na ɗiga kaɗan a takarda, na ajiye a rana. Kafin la'asar mai ya malale ya jiƙe takardar. An buɗe gwangwanin ne an sake liƙewa. Na gwada wasu shagunan, duk kanwar ja ce.

Na ce wa ƙanena ya kashe injin har in sa a kawo mana daga nesa. Ya nuna mini layin robobin dawa da masara da matan unguwa suka aiko.

"In na rufe yau, gobe injin Ɗan Agundi za su kai. Kuma yaran nan me za su ci?"

Ya ci gaba da ɗura wanda ake samu, safe da yamma, man yana zuba ƙasa yana baƙanta gari. Boris ya ƙone, ya canja, sabon ma ya ƙone. Daga nan abin ya kai ga sandar ƙarfen da ke juya injin, ta cinye, ta yi shuɗi don zafi. Masu walda suka cike ta, ta sake cinyewa. Da aka koma musu suka ce babu sauran inda wuta za ta kama, kuma an daina ƙera irinta.

Giris ɗin da na aika a sayo ya iso bayan 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun kwance injin sun ɗora a kura. Yanzu ƙanena yakan fito da safe ya share dandamalin simintin, ya shimfiɗa buhu ya zauna. Har yau wasu kan aiko da niƙa bisa mantuwa, sai ya tashi ya kwatanta wa ɗan aiken hanyar Ɗan Agundi.