Ƙafar Hagun Yaya Gidado

Shekara goma sha shida ke nan da muka kai Yaya Gidado makwancinsa a Azare, amma har yau in na ji mota ta sauke giya da ƙarfi a titi sai na waiga. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai shagon kayan gini, kuma ban taɓa ganin wanda mota ta shiga ransa kamarsa ba.

Ba kuma kowace mota ba. Burinsa ƙaramar motar tsere, ja, mai ƙofa biyu, mai giyar hannu. A majalisarsu ta ƙofar shagon Alhaji Modu mai taya, ya sha cewa otomatik motar ragwaye ce, wai mutum ya zauna kamar buhun gero mota tana yi masa tunani. In ya fara kwatanta yadda ake shiga kwana, sai ka ga hannunsa yana kai da komo a iska, har shayinsa ya huce.

Ni kuwa ƙafar da ake danna kuloci da ita ce ba ni da ita. Shan inna ya shanye mini ta hagu tun ina yaro. Lokacin da wayar salula ta fara shigowa gari aka tura ni koyarwa a Yana, kullum ina bayan ɗan acaɓa, sandata a cinya. Wata damina muka zame a laka, na kwanta a gefen hanya na kasa tashi, sai da manoma suka bar gona suka ɗaga ni. Na dawo gida na ce wa Yaya zan ajiye aikin. Ya ci gaba da harkarsa kamar bai ji ni ba, kuma na ji haushinsa sosai.

Ba a jima ba ya tafi Kwatano sayo motar da ya daɗe yana mafarki. Ranar da ya dawo unguwa ta cika. Ga ta ja, ga ƙofa biyu. Alhaji Modu ya leƙa ta taga, ya dubi ƙarƙashin sitiyari, ya ɗago.

"Gidado, ina kulocin? Ko a hanya ya faɗi?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Wani bakanike ya ce in giyar nan ta lalace babu mai buɗe ta sai an kai Kano. Yaya ya ce, "Ita na samu." Ba gaskiya ba ne. Direban da ya raka shi ya gaya mini daga baya cewa akwai irinta sak mai giyar hannu a gefenta. Yaya ya shiga ya zauna, ya daɗe yana sa giya yana cirewa ba tare da ya tada injin ba, sannan ya fito ya nuna ɗayar.

Washegari ya kai ni filin ƙwallo ya miƙo mini makulli. "Adamu, ƙafa ɗaya take so, kai kuma ɗaya gare ka. Shiga." Daga nan ranakun aiki tawa ce, Asabar da Lahadi tasa. Ban ajiye aikin ba, a cikinsa na yi aure, a cikinsa nake har yau.

Ya sha tsiya a kan motar nan. Wata Asabar mun je Katagum sayen kifi batir ya mutu. Mutanen kasuwa, kamar yadda aka saba, suka taso turi. Kowa na ihu, "Sa ta a giya biyu!" Otomatik kuwa ba ta tashi da turi, kuma Yaya ya sani, amma kunya ta hana shi mayar da alherin mutane. Haka suka tura mu suna gumi har muka kusa bakin kogi, kafin wani mai akori-kura ya ara mana batir. Labarin ya riga mu isa Azare, motar ta sami suna Ƙi-turi. Da shi ake dariyar, kuma bai taɓa cewa saboda ni ya saye ta ba, don kada a dube ni da tausayi.

Yau kusan kowa otomatik yake ja. 'Ya'yan Alhaji Modu kansu in ka ba su giyar hannu sai su tsaya suna kallonka. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san zai yi tsaki, ya ce gari ya cika da ragwaye. Amma ina jin kafin ya yanke wa wani hukunci zai fara tambaya ko akwai irina a gidansu.

Motar tana tsakar gidana an rufe ta da tamfol, injin ya daɗe da mutuwa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun gaji da zuwa. Kwanan baya na buɗe ƙofar direba don in share ƙura, sai idona ya kai ƙasa, can gefen hagu, inda kuloci ya kamata ya kasance. Shimfiɗar wurin ta cinye har ƙarfe ya fito. Ashe duk Asabar da Lahadin nan ƙafarsa tana danna abin da ya bari a Kwatano. Na zauna a kujerar na yi kuka, na roƙi Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ramin da ke shimfiɗar nan nasa ne shi kaɗai, don tawa ƙafar ba ta taɓa kaiwa wurin ba.