Dalar da Illa Ya Ba Makaɗi

A Tawa, in ka ce Manzo mai kalangu, ba mai tambayarka wanne. Shi ke yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwa, kamar yadda ubansa ya yi a Barmu kafin su komo birni. Ɗansa Illa ne ya fita daban. Yaro ne mai kai, ya ci sartifika a shekarar 1964, sai mushen lakwal ɗinsu, wato malamin makarantarsu, ya sa sunansa cikin masu jarrabawar makarantar soja, wadda ake kai yara can wata ƙasa ta bakin teku su fito hafsoshi.

Manzo bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ya ɗauki shirin nan kamar shi za a kai. Aka ce likita na auna nauyi, sai ya dinga ɗauko hanta da tsoka daga wurin mahauta yana ɗura wa yaro. Aka ce da tafiya ake gane soja, sai ya je bakin bariki ya tsaya kwana uku yana sauraren gangarsu, ya komo da kiɗan cikin kalangunsa. Kullum bayan sallar asuba yana kaɗawa, Illa na taka hagu da dama a tsakar gida, awaki na gudu, maƙwabta na leƙe ta kan darni suna dariya.

"Ɗaga ƙafa, soja!" in ji Manzo. "Ba kashin shanu kake takawa ba!"

Illa ya ci jarrabawa. Ranar tafiya, yara biyar aka tara a tasha bisa babbar motar da za ta kai su Yamai. Kusa da Illa akwai Attaher, ɗan wani tafinta da aka kawo daga Damagaram kwanan nan, mai akwatin fata da farin takalmi. Suna cikin hira da Faransanci sai ga kalangu daga bakin tasha. Manzo ne, da tsohuwar rigarsa mai maiƙo, gumi na zuba, yana kaɗa taken gidansu yana kiran Illa da kirarin kakanninsa. Mutane suka taru.

Attaher ya yi dariya ya ce, "Kai, wane ne wannan da ya san ka haka?"

To, ga inda Illa ya yi abin da ya yi, kuma ni ba zan gyara masa ba. Ya dubi farin takalmin Attaher, ya ce, "Wani makaɗin unguwarmu ne." Bai ma tsaya nan ba. Don maganar ta zauna, ya sa hannu aljihu, cikin guzurin da shi Manzon ya ba shi da safe, ya ciro dala guda, ƙarfen faranka biyar, ya miƙo ta daga saman mota yadda ake yi wa kowane maroƙi.

Kiɗa ya tsaya. Manzo ya ji maganar sarai, don tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Ya saƙale sandar kiɗansa, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya rusuna ya ce, "Na gode, ranka shi daɗe." Sai mota ta tashi.

Wahalar shekarar farko kuwa, Illa ya sha ta. Aka yi masa aski ƙwal. Takalman soja suka tsattsaga masa dugadugai. Shinkafa da kifi safe da yamma, ga cokali mai yatsu da ya ƙi zama a hannu, ga ruwan sama da ba ya gajiya. In gyaran gado ya karkace kaɗan, sarjan ya kifar da katifa a sake. Duk wannan bai hana shi cin abinci ba. Abin da ke hana shi ci shi ne "ranka shi daɗe" ɗin nan. Kuma da aka ba su takarda su cika, wurin sana'ar uba ya rubuta "manomi". Kai, jama'a!

A fagen fareti ne asiri ya so tonuwa. Sauran yara na cin karo da juna kamar tumaki a ƙofar garke, shi kuwa ƙafarsa na faɗa wa ganga daidai. Sarjan ya fiddo shi gaba ya ce kowa ya kalli ɗan Tawa. Ya tambaye shi wa ya koya masa. Illa ya ce wani tsohon soja ne. Ranar nan aka yaba masa gaban jama'a, shi kuwa ji yake da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Ya aika wasiƙa gida sau huɗu. Amsa na zuwa da hannun mai rubutun wasiƙa na bakin kasuwa: gaisuwa, lafiya lau, gero ya yi kyau, a yi biyayya. Ba a taɓa ambaton tasha ba, kuma ba a taɓa cewa "ɗana" ba. Illa ya sha bin layukan da yatsa yana neman kalmar.

Wata Lahadi suna wanki, Attaher ya ce, "Ka tuna makaɗin nan na tasha? Ni ina bayan mota na gan shi. Har muka sha kwana yana tsaye da dalarka a tafin hannu, bai sa ta aljihu ba."

Illa ya daɗe yana murza wando ɗaya. Can ya ce, "Ubana ne." Attaher ya ɗauki bokitinsa ya koma gefe. Bai yi masa gori ba, bai kuma ba shi haƙuri ba.

Da damina aka sake su hutu. Illa ya sauka Tawa ranar kasuwa, bai biya gida ba, ya miƙe rumfar mahauta da kakinsa. Manzo na cikin kiɗa. Illa ya cire hula, ya durƙusa cikin taɓo da jinin yanka, mahauta na kallo, ya ce da ƙarfi, "Baba, na komo."

Manzo ya ƙarasa taken da ya faro, bai katse ba. Sannan ya kwance wani ƙullin tsumma daga igiyar kalangu, ya kamo hannun yaron ya sa masa. Dalar nan ce, ta yi baƙi.

Ya ce, "Riƙe abinka. Kiɗan ran nan ba na kuɗi ba ne. Tashi, ɗana, ka ɓata wandon mutane."

Illa ya gama makarantar, ya yi soja har ya tsufa. Dalar kuwa bai taɓa kashe ta ba, kuma in ana kalangu kusa da shi, ba ya iya ɗaga kai.