Ɗan Tela da Bindigar Jerome

Maitama taubashina ne, ɗan kawuna. A Fagge ya tashi, gidan teloli, kuma har muka bar Najeriya ko ɗankon harbin tsuntsu bai taɓa riƙewa ba. Ni kuwa Munzali, a Ningi aka haife ni, ubana maharbi ne, kakana maharbi. Da warin albarushi na buɗe ido. Na fara da wannan ne don a san inda haushina ya samo asali.

Shekara ɗaya muka zo ƙasar Turawan nan, muka zauna ɗaki ɗaya a wani dogon bene a Alexandria. Shi ya yi karatun ɗaukar hoton ƙashi, ya sami aiki a asibiti, ya auri Tayyiba, suka koma Woodbridge. Mutum ne mai sanyi har ya ba ka haushi. Cunkoson babban titin I-95 da ke sa ni zagin iska, shi a ciki yake sauraron karatu yana murmushi. Takalminsa ma a jere yake ajiye su kamar za a zo dubawa.

Maƙwabcinsa wani dattijo ne, Jerome, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Maitama ya riƙa share masa ƙanƙara a ƙofar gida, shi kuma ya fara jan sa filin harbi ranar Asabar. Da Jerome ya rasu, matarsa Debbie ta ce ya bar wasiyya a ba Maitama ƙaramar bindigarsa, wadda suke kira tuwanti-tu, mai ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi. Aka yi takardu, ta zama tasa.

Na bi shi filin sau ɗaya. Daga yadi hamsin ya saki harsashi goma, aka kawo takardar da ya auna, murfin kwalba ya rufe hujin duka. Dattawan wurin suna ta dafa masa kafaɗa. Ya nuna ni ya ce, "Wannan ɗan'uwana ne, ɗan maharba ne na gaske." Aka ba ni na gwada. Uku suka sami takardar, sauran Allah kaɗai ya san inda suka nufa. Na ce saitin ne bai dace da idona ba, ban ƙara harbawa ba. Wallahi ranar abincin dare bai shiga ba. Ɗan tela!

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wankin bututun. Sai ya shimfiɗa tawul a teburin gareji, ya zare gidan harsashi, ya ja baya ya leƙa, ya sake leƙawa. Sannan ya ɗauko wata igiya mai nauyi a kai, ya ɗiga mata mai, ya zura ta baya, ya jawo ta ta baki a hankali, sau biyu ko uku. Shi ke nan.

"Wannan ai shafa ce, ba wanki ba," na ce masa. "Baba da ƙarfen ɗuri yake yi, ta baki, har sai tsumma ya fito fari."

"Ta Baba bindigar toka ce, Ɗan Maharba, cikinta sumul yake," in ji shi. "Wannan akwai zane a murɗe a ciki. Bakin nan shi ne ƙarshen abin da harsashi ke taɓawa. Jerome ya ce ko da wasa kada ƙarfe ya goge shi."

Jerome ya ce. Ni da aka haifa a cikin abin, ana karanta mini Jerome.

Bara ƙungiyarsu ta masu harbi ta shirya gasa don tunawa da marigayin, Debbie ce za ta miƙa kofi. Maitama bai taɓa neman komai da zafi ba sai wannan. Ya ce yana so matar ta ga bindigar mijinta ta ci, a hannun wanda ya bar wa. Wata biyu yana atisaye.

Ana jibi gasar na je gidansa da la'asar. Ya dawo daga fili ke nan, ya zare harsasai ya kulle su, ya kwantar da bindigar a tawul, sai Tayyiba ta kira, ta sauka a tashar jirgi. Ya ɗauki makulli ya ce, "Minti ashirin. Don Allah bar ta yadda take."

A akwatin kayan Jerome da ya zo tare da bindigar akwai wani tsohon ƙarfe siriri mai gaɓa uku da ake ɗaurawa, Maitama bai taɓa amfani da shi ba. Na haɗa shi, na naɗa tsumma, na zura ta baki. Niyyata ya dawo ya ga bututu yana ƙyalli, ya san gado ba wasa ba ne. Na shiga turawa ina jawowa da ƙarfi, yadda na ga Baba yana yi a zaure. Na ji gaɓar ƙarfen tana kartar bakin, ƙarat, ƙarat. A nan ne ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba, kuma ba zan ce ban san dalili ba. Da na ji motarsa na mayar da ƙarfen akwati, na zauna ina danna waya.

Ranar Asabar na tsaya a bayansa. Harbin farko ya yi gefe. Na biyu ya yi sama. Ya gyara zama, ya ja numfashi, ya ci gaba, amma takardar ta fito kamar an watsa mata gero. Debbie tana zaune da kofi a cinya, ta sunkuyar da kai. Wani dattijo mai suna Alexander ya karɓi bindigar, ya duba bakin da gilashinsa, ya tambaya da faɗa wane ne ya yi wa bindigar Jerome wannan aika-aika.

Maitama bai ko waiwayo ni ba. Ya ce shi ne, garaje ya yi. A gaban matar ya faɗa.

Muka shiga mota, muka hau babban titi. Sannan ya ce, "Ka bar tsumman a jikin ƙarfen, Ɗan Maharba."

Ya ci gaba da tuƙi, ya ƙara da cewa:

"Mai gyara zai yanke bakin kaɗan, ya daidaita shi. It's okay. Amma shekara uku ina jira ka ce in koya maka. Kai kaɗai nake so mu riƙa zuwa tare."

An gyara ta, tana harbi daidai. Sai dai gasar sau ɗaya aka yi ta, Debbie kuma ta koma wajen 'yarta a wata jiha. Yanzu duk Asabar ina teburin garejin, ɗan tela yana riƙe mini hannu ina jan igiya. Harbin na soma kamo shi, kuma na san wata rana zan iya. Abin da ya yi a gaban Debbie ne na auna kaina da shi na ga ba zan iya ba, kuma shi nake yi masa hassada a kai har gobe.