Angon da Ya Riƙa Gudun Ɗakin Amarya

Daga bakin Dakta Sale, babban likitan maza.

Wani ango a garin Mabai, duk ya kusanci amaryarsa sai zaren fatar ƙarƙashin kan kaciyarsa ya tsage. Don kunya sai ya riƙa barbaɗa garin bagaruwa, yana gudun ɗakinta.

Rannan ta tare shi da hawaye: "Malam, in na gundure ka, maida ni gidanmu."

Da ya faɗa mata, ta ce, "Haba! Ciwo kake ɓoye mani?"

Ita ta raka shi asibiti. Aka ce zaren gajere ne, ga gaggawa da bushewa. Aka ce ya bari ya warke sarai, ya riƙa shafa man santsi, in ya sake tsagewa ƙaramin aiki ne.

To, babu wani Dakta. Ni Sale sarkin tsokana ne, iyakata karatun allo, kuma ni ne angon.

Maza, wa kunya ta kusa raba shi da matarsa?