Tanko Ci-Ɗaya da Likitan Sukari

Duk wanda ya zauna a Sabon Gari lokacin yaƙin basasa ya san Tanko Ci-Ɗaya, abokin aikina a reluwe. Sau ɗaya yake cin abinci a yini, bayan la'asar: malmala uku ta sakwarar doyar garin Garatu, manja na yawo a kan miya. Ka yi masa tayin kalaci kuwa, sai ya dube ka sama da ƙasa, don a wurinsa ba a ciyar da mutum da safe sai ana neman wani abu a hannunsa.

Da kiyashi suka fara taruwa inda yake fitsari, ya rantse maƙwabcinsa ne ya yi masa asiri. Wata biyu bai amsa gaisuwar bawan Allah ba! Sai ranar da jiri ya kayar da shi a bakin layin dogo, jirgin Zungeru na tafe, muka kinkime shi zuwa asibiti.

Likita ya ɗebi jininsa da safe, ya sake ɗiba bayan ya ci, ya ce ciwon sukari ne. Ya yi masa bayani cewa lodin nan na lokaci guda shi ke cika jini da sukari da maiƙo, gara ya raba abincin gida biyar, kaɗan-kaɗan. Tanko ya yafito ni, ya raɗa mini: "Isa, jinin safe da na rana ba duk nawa ba ne? Sojoji suke kai wa."

Ko a gida bai saki jiki ba. Wai matarsa Asabe ce ta haɗa baki da likita, tunda ta daɗe tana mitar dakan sakwara. Asabe ta ce to yanzu da za ta ɗora tukunya sau biyar, ina ribarta? Ya ce shi ma abin da yake bincike ke nan.

Daga baya ya bi umarnin, don kawai ya kama likita da ƙarya. Jiri ya tafi, ƙarfi ya dawo, ya koma aiki. Na tambaye shi ko yanzu ya yarda.

Ya ce, "Kai yaro ne. Kiwata ni suke, don jinin ya ƙaru."

Shekara biyar ya ƙara a duniya, da ƙafarsa, yana jiran asirinsu ya tonu. Har yau in na wuce ƙofar gidansa sai na rage tafiya. Allah ya jiƙan Tanko, ya yafe masa, ya saukar da shi inda hankalinsa zai kwanta.